Dawowar Ciwon Hanta Nau'in C Bayan Dashen Hanta

Dawowar ciwon hanta nau'in C bayan dashe shi ne sabuwar hantar da aka dasa wa majiyyaci ta kamu da ƙwayar cutar da ta lalata tsohuwar. An gano ƙwayar a 1989, kuma ta yi shekaru tana kan gaba cikin dalilan dashen hanta a Amurka da yammacin Turai. Dashe hanta kaɗai yake musanyawa. Ƙwayar tana nan cikin jini, don haka kusan duk wanda aka shiga da shi tiyata yana ɗauke da ita sai ta dawo masa.

Yayin da aka cire tsohuwar hanta, yawan ƙwayar a jini yakan faɗi warwas, domin an ɗauke mata wurin hayayyafa. Da zarar an haɗa jijiyoyi, jini ya ratsa sabuwar, sai ta samu masauki. Cikin kwanaki takan koma yadda take, kafin 'yan watanni kuma ta ninka haka sau goma ko fiye. Magungunan danne garkuwar jiki, irin su tacrolimus da cyclosporine, waɗanda ake sha don kada jiki ya ƙi dashen, su ne ke sakar mata mara. Ƙandarewar hanta da kan ɗauki shekara 20 zuwa 30 a jikin wanda ba a yi wa dashe ba, a nan cikin shekara 5 takan samu kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na majiyyata. Hantar da aka ciro daga dattijo ta fi saurin lalacewa, haka ma idan majiyyacin yana da ciwon suga. Wasu 'yan kaɗan sukan gamu da nau'i mai tsanani a shekarar farko: shawara ta rufe su, idanu su yi ɗorawa, hantar ta gaza cikin watanni.

Babban abin da ya ɗaure wa likitoci kai shi ne, idan gwajin jini ya nuna hanta na shan wuya, ba a saurin bambance dawowar cutar da ƙin dashen da jiki ke yi. Ko an tsakuro tsokar hantar an duba ta a madubin likita, kamanninsu sun yi kusa. Gaba kura baya siyaki ke nan: in aka ɗauka ƙin dashe ne aka ɗura wa mutum sitiroyid mai yawa, wato maganin da ke ƙara danne garkuwar jiki, alhali cutar ce, an ƙara wa wuta fetur.

A da, allurar interferon da ƙwayoyin ribavirin ake bayarwa har kusan shekara guda, ga zazzaɓi ga ƙarancin jini, kuma kusan mutum ɗaya cikin uku ne ke warkewa. A Disambar 2013 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da sofosbuvir, sauran magungunan da ke kai wa ƙwayar hari kai tsaye suka biyo baya. Yanzu sati 12 na shan magani yana warkar da fiye da kashi 95 cikin ɗari, sai dai a lura, wasu daga cikin magungunan ba sa jituwa da cyclosporine. Ana cewa an warke idan ba a ga ƙwayar a jini ba sati 12 bayan gama magani. Har ta kai wasu cibiyoyi na dasa hantar mai ɗauke da cutar ga wanda ba shi da ita, sannan su yi masa magani.