Idan Babba Ya Zagi Ƙabila Guda, Doka Ce Za Ta Kama Bakinsa?

Duk sanda wani ɗan siyasa ko malami ko mawaƙi ya kira wata ƙabila da sunan wulaƙanci, bidiyon ya zaga WhatsApp, majalisun Kaduna rabuwa suke yi biyu. Wasu su ce a kama shi, wasu su ce bakinsa ne, dimokuraɗiyya ake yi. Ga tambayoyin da suka fi yawo a teburin mai shayi, da abin da nake gani a kansu.

Ba tsarin mulki ne ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa ba?

Shi ne. Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba da wannan 'yanci. Amma sashe na 45 ya yarda a yi dokar da za ta taƙaita shi saboda tsaron ƙasa, zaman lafiyar jama'a, tarbiyya, ko kare haƙƙin wasu. 'Yancin yana da iyaka tun asali. Gardamar ita ce a ina za a kafa turken, kuma wa zai riƙe igiyar.

Wace kalma ce ma zagin ƙabila? Ai mun saba tsokanar juna.

Mun saba, kuma tsokana daban, zagi daban. Bakano ya haɗu da Bazazzage a tashar Kawo, su yi wa juna tatas, kowa ya wuce yana dariya. Haka Bafulatani da Babarbare, haka Bagobiri da Bayarabe. Wasa ne mai ƙa'ida: an san juna, kowa yana da damar ramawa, ba wanda zai kwana da fargaba.

Zagi kuwa daga sama yake saukowa. Ku dubi "aboki". Kalma ce mai daɗi a bakinmu, amma ɗan Arewan da ya taɓa tura baro ko yin acaɓa a Legas ya san yadda ake jefa ta, ya san ba abota ake nufi ba. Mu ma muna da namu: "arne", "nyamiri", har "ƙabila" da kanta idan an furta ta da wata irin murya. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Wata rana a cikin Keke daga Kasuwar Barci, wani dattijo ya tambayi direba ko zai kai shi "unguwar arnan nan" ta tsallaken gada. Wata mata a gefensa, da jakar cefane a cinya, ta ce da tattausar Hausa, "Baba, can nake zaune. Sabon Tasha sunanta." Dattijon ya yi shiru, can ya ce, "Yi haƙuri 'yata, haka muka tashi muka ji ana faɗa." Gaskiya ya faɗa, kuma matsalar ke nan. Shi ya sa mutanen kudancin jihar nan suka dage a kira su da sunan da suke kiran kansu: Atyap maimakon Kataf, Bajju maimakon Kaje, Adara maimakon Kadara, Gbagyi maimakon Gwari. Ma'auni mafi sauƙi shi ne ka tambayi mai sunan.

Me ya sa ake ware manya? Zagi ai zagi ne.

Wancan dattijon mutum uku ne suka ji shi. Gwamna ko sarki ko mai wa'azi, dubbai ke ji, kuma a cikinsu akwai masu ɗaukar maganarsa a matsayin izini. A Ruwanda a 1994, gidan rediyon RTLM ya riƙa kiran 'yan Tutsi kyankyasai, aka kashe mutum kusan 800,000 cikin kimanin kwana ɗari. A 2003 kotun duniya ta musamman ta ɗaure wasu jagororin kafafen da suka hura wutar.

Mu a Kaduna ba sai an je da mu Ruwanda ba. Mun ga rikicin Shari'a na Fabrairun 2000. Mun ga Nuwamban 2002, lokacin da rubutu guda a jaridar ThisDay kan gasar sarauniyar kyau ya zama sanadin rikicin da ya ci rayuka sama da 200. Daga waɗannan shekarun ne Kogin Kaduna ya zama kan iyaka, kowa ya tattara ya koma ɓangaren da nasa suke. A ranar 6 ga Yunin 2017 kuma, a Arewa House, wasu ƙungiyoyin matasa suka ba 'yan ƙabilar Ibo wa'adin barin Arewa kafin 1 ga Oktoba. Gwamnatin jiha ta ba da umarnin kama su, a watan Agusta suka janye, amma 'yan kasuwa da yawa sun yi watannin nan ido biyu.

Majalisar Ɗinkin Duniya tana da wani ma'auni da aka tsara a Rabat a 2012, mai duba abu shida kafin a ce magana ta zama tunzuri: yanayin da aka yi ta, matsayin mai maganar, niyyarsa, lafazin, nisan da ta kai, da yiwuwar ta haifar da ɓarna. Matsayin mai magana yana ciki ƙarara.

Wasu ƙasashe yaya suke yi?

Amurka ta saki baki sosai. A 1969 kotun ƙolinta ta soke hukuncin da aka yi wa wani jagoran ƙungiyar ƙin baƙaƙen fata ta Ku Klux Klan, ta ce gwamnati ba za ta hukunta magana ba sai in tana ingiza mutane su karya doka nan take kuma alamu sun nuna za su yi. Sai dai rashin ɗauri bai sa an sha lafiya ba. A 2014 aka saki faifan muryar Donald Sterling, mai kulob ɗin ƙwallon kwando na Los Angeles Clippers, yana wulaƙanta baƙaƙe. Hukumar wasan ta kore shi har abada, ta ci shi tarar dala miliyan 2.5, aka sayar da kulob ɗin. Ɗan sanda bai je ƙofarsa ba.

Afirka ta Kudu kuwa ɗauri take yi. A 2018 aka yanke wa wata Baturiya, Vicki Momberg, shekara uku, aka jingine ɗaya, saboda zagin 'yan sanda baƙaƙe da wata kalma ta zamanin wariyar launin fata. Abin da zai ba mai jin Hausa mamaki, asalin kalmar daga "kafiri" ne na Larabci, Turawan can suka mayar da ita zagin duk wani baƙar fata.

A Najeriya akwai doka a kai?

Akwai, har da ragowa. Sashe na 26 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyar, ko tarar da za ta iya kai naira miliyan 10, ko duka biyun, ga wanda ya zagi mutane a fili ta kwamfuta ko waya saboda launinsu ko ƙabilarsu. Sashe na 92 na dokar zaɓe ta 2022 ya hana yaƙin neman zaɓe da kalaman da za su sosa zuciyar wata ƙabila ko wani addini. Sai ku ƙirga manyan da kuka taɓa ji an ɗaure da waɗannan sassan.

To me zai hana a ƙara tsananta dokar?

An gwada. A 2019 Sanata Aliyu Sabi Abdullahi na jihar Neja ya gabatar da ƙudurin da ya tanadi rataya idan kalaman ƙiyayya suka jawo asarar rai. Jama'a suka yi masa ca, ƙudurin bai zama doka ba.

Abin tsoron shi ne a hannun wa wuƙar za ta faɗa. A Agustan 2020 hukumar NBC, mai kula da gidajen rediyo da talabijin, ta ɗaga tarar kalaman ƙiyayya daga naira 500,000 zuwa miliyan 5. Cikin 'yan kwanaki ta ci gidan rediyon Nigeria Info tarar, kan hira da marigayi Obadiah Mailafia, ɗan jihar nan kuma tsohon mataimakin gwamnan Babban Banki. Mailafia zargi mai nauyi ya yi, cewa wani gwamnan Arewa yana cikin jagororin Boko Haram, kuma ana iya cewa ya kawo hujja. Amma ba ƙabila ya zaga ba, masu mulki ya taɓa. A 2023 babbar kotun tarayya a Abuja ta ce NBC ba ta da hurumin cin tara, don ita ba kotu ba ce. Haka sashe na 24 na dokar intanet ya daɗe yana kai 'yan jarida ofishin 'yan sanda, har kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin magana, aka gyara shi a 2024. Dokar da aka ce ta kare mai rauni, kullum sai ka same ta tana gadin mai ƙarfi.

Ke nan a ƙyale su su yi ta zagi?

A'a. Ni dai abu biyu nake rarrabewa. Wanda ya tsaya gaban taro ya ce a kori wata ƙabila, ko a ƙona musu shaguna, ko ya kira su ƙwari a lokacin da gari ke a ɗar-ɗar, wannan na kotu ne, kuma dokokin da ke ƙasa sun ishe shi in za a yi aiki da su ba sani ba sabo. Wanda kuwa ya saki kalmar raini ba tare da kiran tashin hankali ba, kujerarsa ya kamata ta biya. Jam'iyya ta hana shi tikiti, majalisa ta dakatar da shi, masarauta ta karɓe rawaninta, gidan rediyo ya daina ba shi makirufo. Kwamishinan da ke karɓar albashi daga harajin mutanen Rigasa da na Kafanchan ba shi da bakin kiran ɗayansu da sunan banza ya kuma wayi gari a ofis.

Wahalar wannan hanya, sai nasa sun fara juya masa baya. Idan mutanen Kakuri ne kaɗai suka yi Allah wadai da wanda ya zage su, mutanen Tudun Wada suka yi gum don nasu ne, to ƙuri'a ma ya ƙara samu.

Idan ya fito ya ba da haƙuri fa?

A saurari lafazin. "In akwai wanda maganata ta ɓata wa rai" ba ban haƙuri ba ne, ɗora laifin ne a kan wanda ya ji zafi. A ga ya ambaci mutanen da sunansu na gaskiya, ya ce kalmar da ya faɗa ba daidai ba ce, kuma ya faɗe shi a dandalin da ya yi zagin, da harshen da ya yi shi. Wanda ya yi zagi da Hausa a gaban magoya baya, sannan mai magana da yawunsa ya fitar da takarda da Turanci ga 'yan jaridar Abuja, waɗanda suka yi masa tafi ranar nan ba su ji ya janye komai ba.