Gidan labarai ɗaya ya isa a ji gaskiyar abin da ya faru?

Wai da gaske kowace kafar labarai tana da inda take karkata?

Kusan haka ne. Mai gidan jarida da mai ba ta talla duk suna da ta cewa. Ko Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a nan Zariya a 1939, Abubakar Imam yana editanta, Turawan mulki ne suka kafa ta gab da Yaƙin Duniya na Biyu, suna so jama'a su riƙa jin labari ta bakinsu. Hakan bai hana ta yi wa Hausa gagarumin aiki ba.

To, ta yaya zan gane son rai?

Ba lallai sai an shara ƙarya ba. Kalma ɗaya ta isa. Mu Zazzagawa mun ga haka a Disamba 2015, lokacin abin da ya faru tsakanin sojoji da 'yan Shi'a. Wata kafa ta ce "arangama", wata ta ce "kisan kiyashi", kowa da adadin da ya kawo. Sai a 2016, gaban kwamitin binciken gwamnatin Kaduna, aka bayyana cewa gawa 347 aka binne a rami ɗaya. Wanda ya tsaya a gida ɗaya a makon farko, rabin zance ya ji. Ka kuma lura da wanda aka ba dama ya yi magana, da wanda aka manta da shi.

Kafa nawa ya kamata in bi?

Yawansu bai dame ni ba, bambancinsu nake nema. In jaridu biyar sun kwafo sanarwar kakakin gwamna guda, baki ɗaya ka ji sau biyar. Akwai wani mai shayi a Tudun Wada da ke burge ni: da safe BBC Hausa, da rana ya murɗa zuwa DW, da dare Rediyon Kaduna, ga Aminiya a gefen tebur. Landan da Jamus ma kowa da irin idon da yake kallon Nijeriya.

Saƙon murya na WhatsApp fa?

Kafin ka tura wa 'yan uwa, tambayi kanka: wa ya faɗa, a ina, yaushe? In babu suna babu rana, dakata har ka ji shi daga gidan da za a iya kai ƙara in ya yi ƙage.