Waƙar Kate Bush da Littafin Wuthering Heights: Ina Suka Haɗu?

Wace waƙa ce, kuma wane littafi?

Wuthering Heights ƙagaggen labari ne da Emily Brontë ta wallafa a Ingila a 1847, shekara guda kafin rasuwarta. A 1978 mawaƙiyar Birtaniya Kate Bush, tana da shekara 19, ta fitar da waƙa mai wannan suna, wadda ta yi mako huɗu tana kan gaba a jerin waƙoƙin Birtaniya.

Daga wane ɓangare na labarin aka ciro baitocin?

Daga babi na uku. Wani baƙo mai suna Lockwood ya kwana a tsohon ɗakin Catherine, jarumar labarin, wadda ta daɗe da mutuwa, sai ya yi mafarki reshen bishiya yana bugun taga. Ya fasa gilashin ya miƙa hannu don ya kama reshen, sai ya ji wani ɗan hannu mai sanyi ƙalau ya cafke shi, wata murya tana kuka tana roƙon a bar ta ta shigo, wai shekara ashirin ke nan tana gararamba a daji. Tsoro ya sa ya goga wuyan hannun a fasasshen gilashi har jini ya zuba. Da Heathcliff, maigidan kuma masoyin Catherine, ya ji labari, sai ya buɗe tagar yana hawaye yana kiran Catherine ta shigo. A bakin wannan taga mawaƙiyar ta tsaya, ta ari bakin fatalwar: amshin waƙar duka kiran Heathcliff ne, da kukan sanyi, da roƙon a buɗe.

Me waƙar ta yi wanda littafin bai yi ba?

Ta bar Catherine ta yi magana da kanta. A littafin, kusan duk abin da muka sani game da ita ta bakin Nelly Dean ya fito, mai aikin gidan da ba ta ɓoye cewa halin uwargijiyarta yana ƙona mata rai, sannan Lockwood ya rubuta. A ganina nan ne ƙarfin waƙar yake, domin ta kuma riƙe gaskiyar halin Catherine: a baitin farko ta ambaci kishinta da zafin ran Heathcliff, ta ce ta ƙi shi kuma ta so shi a lokaci guda.

To, me ta bari?

Ta bar zancen asali da dukiya, wanda shi ne ƙashin bayan labarin. Heathcliff ɗan tsintuwa ne da aka ɗauko daga titin Liverpool, kuma ya ji Catherine da kunnensa tana cewa aurensa zai zubar mata da daraja, shi ya sa ta auri Edgar Linton mai hali. Ya ɓace shekara uku, ya dawo da kuɗi, ya ƙwace gidan da aka wulaƙanta shi a ciki ta hanyar bashin caca, daga baya ya tilasta wa 'yar Catherine auren ɗansa don ya haɗiye gadon gidan Linton. Catherine ta mutu wajen tsakiyar littafin, ragowar kuwa ramuwar gayya ce a kan 'ya'yan da ba su ji ba ba su gani ba, kuma waƙar ba ta taɓa wannan ko da baiti ɗaya ba.