Maganin arsenik ba ya nufin an yanke wa zuciya hukunci

A Gombe, da zarar dangin mai kansar jini sun ji cewa akwai arsenik a maganin da likita ya rubuta, sai hankali ya tashi: ai guba ce, za ta tsayar masa da zuciya. Wasu har sukan ce gara a koma gida.

Guba ce kam, idan an sha ta barkatai. Amma likitocin Harbin a ƙasar Sin sun gano tun shekarun 1970 cewa 'yar ƙanƙanuwarta tana warkar da wani nau'in kansar jini da ake kira APL, kuma Amurka ta amince da maganin a 2000. Yau yawancin masu wannan cuta suna warkewa idan aka haɗa shi da wani magani da ake kira ATRA.

Abin da maganin arsenik yake yi wa zuciya shi ne jinkirta shirinta tsakanin bugu da bugu. Jinkirin in ya yi yawa, bugun na iya rikicewa har mutum ya suma, wani lokaci ya rasu. Sai dai ana hango wannan tun da wuri a gwajin bugun zuciya da ake kira ECG, kuma ana kiyaye sinadaran fotashiyam da magnesiyam na jini, domin ƙarancinsu yana ƙara haɗarin.

Inda na fi jin tsoro shi ne kemis ɗin unguwa. Zazzaɓin damina ya kama majinyaci, ɗan'uwa ya sayo masa kulorokwin ko kwinin ba tare da sanin likita ba, alhali su ma suna ƙara wannan jinkirin. Amai da gudawa kuma suna zubar da fotashiyam. Jiri, faɗuwar gaba ko suma, a garzaya asibiti nan take.