Masu tsintar kaɗanya a Kebbi: me rajista ke ba ƙungiya a idon doka?

A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyar ƙwarar kaɗanya zuwa ƙasashen waje na tsawon wata shida. Mataimakin shugaban ƙasa Kashim Shettima ne ya sanar a Abuja, da nufin a riƙa sarrafa man kaɗe a cikin gida. Manufar mai kyau ce. Sai dai da farashi ya karye a kasuwa, waɗanda suka fara ji a jikinsu su ne matan da ke sammako da damina su shiga daji tsinto, irin na ƙasar Zuru da Danko-Wasagu da Yawuri. Macen da ta kai tiya biyar kasuwa, abin da dillali ya yanka shi za ta karɓa, kuma ba wanda zai kira ta taro ya ji ta bakinta.

Galibin matan nan suna da ƙungiya, ta adashi ko ta unguwa. Abin da ba su da shi shi ne takardar rajista, kuma a nan dokar ƙungiyoyin gama kai ta 1993 ta shigo.

Dokar ta ce mutum goma sun isa su kafa ƙungiyar gama kai ta matakin farko. Za su rubuta ƙa'idojinsu: sunan ƙungiya, sana'arta, yadda ake shiga da fita, kuɗin da kowa zai zuba, da yadda ake zaɓen shugabanni. Sai su kai wa ofishin daraktan ƙungiyoyin gama kai na jiha, in ya gamsu ya ba su takardar shaida. Daga ranar, doka tana ɗaukar ƙungiyar tamkar mutum guda mai zaman kansa. Za ta iya buɗe asusun banki da sunanta, ta mallaki injin niƙa ko rumbun ajiya, ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin da ke sayen mai, in an cuce ta ta kai ƙara kotu. In shugaba ta rasu ko ta yi aure ta bar gari, ƙungiya tana nan, injin kuma bai shiga rabon gado ba. Wannan na ƙarshen ya fi komai muhimmanci a wurina, domin kayan jama'a da aka rubuta da sunan mutum ɗaya sun sha raba zumunci.

Akwai nauyi kuma. Dole a riƙe littafin shige da ficen kuɗi, a bari a bincika shi duk shekara, a ware wani kaso na riba a asusun ko-ta-kwana. Wajen zaɓe kowa ƙuri'a ɗaya gare shi, komai yawan abin da ya zuba.

Sai batun dajin kansa. Dokar amfani da filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, amma a karkara ƙaramar hukuma na da ikon ba da takardar izinin riƙe fili bisa al'ada, har hekta 500 don noma, ko 5,000 don kiwo, ba sai an jira sa hannun gwamna ba. Ƙungiya mai rajista za ta iya neman irin wannan takarda a kan filin da take son dasa kaɗanya ko ɗorawa, ko ta kafa amya. A fara da dagaci da hakimi, su suka san iyakoki da burtali. Gandun dajin gwamnati kuwa hukuncinsa daban, yana hannun sashen gandun daji na jiha, sai da izininsu ake taɓa shi.

Manufar gandun daji ta ƙasa, wadda aka sabunta a 2020, ta amince jama'ar gari su shiga cikin kula da dazuzzukansu. Kebbi tana cikin jihohi 11 na shirin katangar itatuwa ta hana kwararowar hamada, tana kuma cikin jihohin Arewa 19 na shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa da taimaka wa manoma jure sauyin yanayi, wanda Bankin Duniya ya ware wa dala miliyan 700. Irin waɗannan shirye-shirye da ƙungiyoyi suke hulɗa, kuma tambayar farko da jami'i zai yi ita ce, "Ina takardarku?"

Mai takarda ne ake aika wa goron gayyata in za a zauna kan kuɗin haraji ko kan masu sare kaɗanya suna gawayi. Ƙungiyoyin ƙauyuka kuma doka ta ba su damar haɗuwa su yi babbar ƙungiya ɗaya, su tara buhunansu wuri guda, su yi ciniki da mai saye da baki ɗaya.