Enzayim: dillalin da ba ya karɓar la'ada

Ran Asabar 'yar yayata ta iske ni a ƙofar gida a unguwar Aboabo ta Kumasi, littafin kimiyya a hannu, ga jarrabawar kammala sakandare ta WASSCE ta ƙarato. Ta ce, "Kawu, na haddace cewa enzayim yana hanzarta aiki kuma shi ba ya ƙarewa, amma wallahi ban gane ba." Na tsaga farin goro, na ajiye ɓari guda a kan benci, na ce ta zuba masa ido. Kafin mu gama gaisawa da wani maƙwabci, fuskar goron ta fara rinewa ja-ja.

A cikin goro akwai sinadaran da kan sauya launi in sun haɗu da iskar oksijin, sai dai su kaɗai haɗuwar tana da nawa ƙwarai. Tsagawar ce ta fasa ƙwayoyin goron, wani enzayim da ke ciki ya kai gare su, ya ƙulla abin cikin mintuna. Haka doya ke yi in an fere ta an bari.

Wanda ya tashi a zangon Kumasi ya san dillali. Ga mai saniya, ga mai kuɗi, kowa na so, amma sai su wuni suna kallon juna. Dillali ya ja wannan, ya ja wancan, a sallama, ya karkaɗe riga ya nufi wani cinikin. Aikin enzayim ke nan. Kowane haɗin sinadarai yana da tudun da sai an haura kafin ya kankama, wato ƙarfin da ake buƙata a fara. A ɗakin gwaji da wuta ake haura shi, amma jikin mutum digiri 37 yake, ba tukunya ba ne. Sai enzayim ya kama sinadaran a wani ɗan gurbi da ke jikinsa, ya jera su fuska da fuska, ya ɗan murɗa inda ake so ya tsinke, tudun ya koma gajere. Yana sakinsu ya dawo yadda yake. Cinikin da ba zai yiwu ba kuwa, ba ya iya tilasta shi. Akwai wani enzayim a jan jini da ke sarrafa iskar kabon dayoksaid, yana ƙulla irin wannan ciniki kusan sau miliyan ɗaya a daƙiƙa guda.

Kuma dillalin shanu ba ya shiga cinikin goro. Amilez, enzayim na cikin yawu, sitaci kawai ya sani, shi ya sa in ka daɗe kana tauna burodi yake fara zaƙi. Pepsin na tumbi, furotin yake farfasawa, kuma sai cikin tsami yake aiki. A 1894 Emil Fischer na Jamus ya kwatanta wannan da kwaɗo da makulli. Daniel Koshland na Amurka ya gyara a 1958, ya ce gurbin yana ɗan lanƙwasa ya rungumi abin da ya shigo. Ni na fi gamsuwa da na biyun. Takalmin fata ai bin ƙafa yake yi.

Yawancin enzayim furotin ne a nannaɗe, kuma siffar ita ce jarinsa. Zafi in ya yi yawa sai naɗin ya warware, kamar ƙwan da aka dafa, ba ya komawa ɗanye.

Sunan enzayim daga Girkanci yake, ma'anarsa "a cikin yisti", Wilhelm Kühne ne ya raɗa shi. Amma matan Fulani da ke zuba tumfafiya a madara ta daskare ta zama wagashi ba su jira sunan ba, haka masu shafa wa nama mai tauri ɗanyar gwanda; duk enzayim ne ke yi musu aikin.

Yarinyar ta ɗauki goron tana juyawa. "To Kawu, nawa ne la'adarsa?" Na ce ko pesewa ɗaya. Ta ce lallai wannan ba ɗan kasuwarmu ba ne.