Ƙa'idar Suturar Dare a Jiragen Ruwa na Yawon Shaƙatawa

Ƙa'idar suturar dare tsari ne da kamfanonin jiragen ruwa na yawon shaƙatawa suke shimfiɗa wa fasinjojinsu kan irin tufafin da za a sa idan yamma ta yi, musamman ga mai son shiga babban ɗakin cin abinci ko zauren rawa. Da rana ba ruwan kowa da kowa: mai gajeren wando da silifas na yawonsa a saman jirgi, mai kayan ninƙaya na kwance a bakin tafki. Da misalin ƙarfe 6 na yamma ne al'amari yake sauyawa a yawancin jiragen da suke bin wannan tsari. Ba dokar wata ƙasa ba ce, kuma babu hukumar teku da ta kafa ta. Kowane kamfani da tasa, shi ya sa shigar da za a yi maraba da ita a wani jirgi sai ta sa a dakatar da mutum a bakin ƙofa a wani.

Asali

Al'adar ta girmi yawon shaƙatawa kansa. A ƙarni na 19 attajiran Ingila ba sa zama cin abincin dare da kayan da suka yini da su, sai sun yi wanka sun sake shiga. Da jiragen ruwa masu tururi suka fara jigila tsakanin Turai da Amurka, irin na Samuel Cunard da suka soma tashi daga Liverpool a 1840, kuma suka riƙa girma suna samun ɗakunan cin abinci kamar na manyan otal-otal, sai masu hali suka hau da ɗabi'arsu. Kamfanin P&O ya fara sayar da tikitin yawon buɗe ido zuwa Bahar Rum a 1844. A 1900 kuma Albert Ballin na kamfanin Hamburg America na Jamus ya sa aka ƙera Prinzessin Victoria Luise, wanda ake ɗauka shi ne jirgi na farko da aka gina don shaƙatawa kaɗai.

A wancan zamani sutura ita ce shaidar matsayi. A jirgin Titanic, wanda ya nutse a 1912, akwai mai busa bigila da yake zagayawa yana sanar da fasinjoji lokacin abinci ya yi. Mazan aji na ɗaya su fito da baƙar kwat mai jela biyu a baya, da farar falmaran da farin nektai, matansu da dogayen riguna da lu'ulu'u. 'Yan aji na uku, waɗanda akasarinsu masu ƙaura ne zuwa Amurka neman abinci, can ƙasa suke cin nasu da kayan jikinsu, kuma babu wanda ya nemi su sake.

Tun daga lokacin aka gaji wani sassauci da har yau ake bi: ba a caɓa ado a daren farko da daren ƙarshe. Ranar da aka shiga jirgi akwatuna ba su gama isa ɗakuna ba, balle a warware su. Daren sauka kuwa an riga an ɗaure kaya.

Hanyar Legas

Mutanen Arewa sun san wani reshe na wannan tarihi. Kafin jirgin sama ya zama ruwan dare, mai zuwa Ingila daga Najeriya sai ya bi ta teku. Ma'aikatan Turawa da ke zaune a Kaduna, wadda ta zama hedikwatar Arewa a 1917, idan hutunsu ya zo jirgin ƙasa suke hawa zuwa Legas, su tarar da jirgin ruwan kamfanin Elder Dempster a tashar Apapa. Mafi shahara cikin jiragen shi ne Aureol, wanda ya yi wannan zirga-zirga daga 1951 zuwa 1974. Ɗalibai da 'yan siyasa da sarakuna ma ta ruwa suka riƙa tafiya. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, a tafiyarsa ta 1921 zuwa Ingila da Makka, jirgin ruwa ya hau.

Zafin irin waɗannan hanyoyi ya tilasta wa Turawa yi wa ƙa'idarsu kwaskwarima. A yankuna masu zafi aka halatta farar kwat a madadin baƙa. Sojojin ruwan Birtaniya kuma suka fito da wata shiga da suka laƙaba wa sunan Bahar Maliya: a ajiye kwat ɗin gaba ɗaya, a bar farar riga da baƙin wando da faffaɗar ɗamara. Wanda ya taɓa sa kwat a Kaduna cikin watan Afrilu ba sai an yi masa bayanin dalili ba.

A watan Oktoba na 1958 kamfanin Pan Am ya fara tsallaka Tekun Atilantika da jirgin sama ƙirar Boeing 707. Tafiyar kwana biyar ta koma ta 'yan sa'o'i, kasuwar jiragen ruwan fasinja ta faɗi. Kamfanonin da suka tsira sai suka mai da tafiyar kanta ta zama hajar sayarwa, aka rushe yawancin shingen da ke tsakanin aji da aji. A nan ne ma'anar suturar ta juya. Abin da a da yake raba mai kuɗi da talaka ya zama wani ɓangare na nishaɗin da kowa ya biya: dare ɗaya ko biyu da malamin makaranta mai ritaya zai yi shigar attajiran da, ya sha hannu da kyaftin, a ɗauke shi hoto a kan matattakala.

Matakan shiga

Sunaye sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma matakan uku ne. Na ƙasa shi ne shigar yau da kullum mai tsafta: dogon wando, har da jins idan ba yagagge ba ne, da riga mai kwala. Na tsakiya ya ɗan ɗara, wani lokaci da kwat amma ba nektai. Na sama shi ne daren ado, kuma a kansa ne ake yawan cece-kuce.

Cikakkiyar shigar namiji a daren ado ita ce taksido: baƙar kwat mai sheƙi a kwala, wando mai zirin siliki a gefe, farar riga, baƙin takalmi sau-ciki, da ɗan baƙin nektai mai siffar malam-buɗe-littafi. Sunan ya samo asali ne daga Tuxedo Park, wata unguwar attajirai a jihar New York inda shigar ta yi tashe a shekarun 1880. Turawan Ingila kuwa da abincin dare suke danganta ta, wato dina, kalmar nan da ta shigo bikin aurenmu ta zauna daram. Wanda ba shi da taksido, kwat da wando masu duhu da nektai sun wadatar a kusan ko'ina. Mata sun fi samun sarari: doguwar riga har ƙasa, ko mai tsayi zuwa gwiwa, ko riga da wando na alfarma.

Yawan dararen ado ya danganta da tsawon tafiya. Ta kwana 3 zuwa 5 galibi dare ɗaya ne, ta mako guda kuma biyu. An fi ɗora su a ranakun da jirgi ya yini a tsakiyar teku bai tsaya wata tasha ba, don mutane su sami sukunin shiri. Kowace yamma ana ajiye wa fasinja takardar shirye-shiryen gobe a ɗakinsa, ko ya duba a manhajar kamfanin a waya, a nan zai ga shigar da ake so.

Yadda kamfanoni suka rabu

Cunard ne ya fi riƙo da tsohon salo. A jirginsa Queen Mary 2, wanda ya fara aiki a 2004 kuma yake tsallakawa tsakanin Southampton da New York cikin dare bakwai, daren ado babban sha'ani ne, har akan ba shi jigo, misali baƙi da fari, ko ja da ruwan zinari, a kuma yi rawa a zauren Queens Room. Mutane da yawa don wannan ɗin suke sayen tikitin. P&O da Princess su ma suna da nasu dararen.

A ɗaya gefen, Norwegian Cruise Line ya fito da tsarin Freestyle Cruising a shekara ta 2000: babu tsayayyen lokacin cin abinci, babu tilascin ado. Wannan ya girgiza kasuwar, sauran kamfanoni suka shiga sassautawa. Carnival yana kiran darensa Cruise Elegant, inda riga mai kwala da wando mai kyau suka isa. Celebrity ya soke tsohon daren ado a 2015 ya maye gurbinsa da Evening Chic. Virgin Voyages, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2021, ba shi da irin wannan ƙa'ida, sai dai wani dare da ake gayyatar kowa ya sa ja. A jiragen MSC akwai daren fararen kaya. Mai karatu a Kaduna zai gane abin nan take: anko ne, sai dai ba a tilasta wa kowa sayen yadi.

Dalilan sassaucin ba ɓoyayyu ba ne. Iyalai masu yara sun yawaita a jirage. Ofisoshin Turai da Amurka kansu sun rage sa kwat, har wani ba shi da ita a gida. Ga kuma nauyin kaya: yawancin fasinjoji sai sun hau jirgin sama kafin su kai tashar ruwa, akwati kuma ba ya wuce kilo 23 a tikitin talakawa na kamfanoni da dama. Amma kamfanonin ba su son daren ya mutu gaba ɗaya, domin akwai ciniki a cikinsa. A daren ne masu ɗaukar hoto na jirgi suke kafa fitilunsu a kowace kusurwa, shagon gyaran gashi ya cika, hotunan kuma ba kyauta ba ne.

Wanda bai bi ba

Babu tara, babu kora. Iyakar hukuncin a bakin ƙofar babban ɗakin abinci yake, inda shugaban masu hidima yake tsaye da jerin tebura. Idan mutum ya zo da singileti ko gajeren wando ko hular hana-salla, sai ya matso kusa, ya rage murya, ya roƙe shi ya koma ya sake. Wanda ba ya so sai ya hau ɗakin abincin da kowa yake ɗibar wa kansa, ko ya sa a kai masa ɗaki. Ba wanda zai kwana da yunwa. Tsananin ma ya danganta da jirgi da wanda ke tsaye a ƙofar, kuma wannan rashin tabbas shi ne tushen rigimar da ba ta ƙarewa tsakanin fasinjoji. Masu ado suna cewa mai jins ya ɓata musu daren da suka biya, shi kuma yana cewa hutu ya zo yi da kuɗinsa. Kowannensu da ƙamshin gaskiya, ko da yake wanda ya zaɓi Cunard yana sane sannan ya zo yana ƙorafin nektai, shi ya so.

Kayan gida

Tambayar da ta fi shafar Bahaushe ita ce ko sai ya sayi kwat. Amsar ita ce a'a. Cikakkiyar shigar gargajiya ta ƙasar mutum karɓaɓɓiya ce a daren ado, P&O ma ya ambace ta ƙarara tare da kayan sarki na soja. Ana ganin 'yan Sikotilan da ɗan buje nasu na maza, matan Indiya da sari. Babbar riga ta shadda mai aikin hannu na Zariya, aska biyu ko aska takwas, da 'yar ciki da wando da hula zanna, ba ta jin kunyar kowace taksido. Kaftani mai sauƙin aiki ya dace da matakin tsakiya. Abin lura guda shi ne takalmi: sau-ciki ya fi buɗaɗɗe, domin takalmi mai bayyana yatsu na maza yana cikin abin da wasu kamfanoni ba sa so a ɗakin abinci da dare. Hanin da ake yi wa hula kuwa hana-salla ake nufi, ba hular da take cikon shiga ba. Mace mai leshi da ɗauri da mayafi, ko abaya mai duwatsu, ta cika sharaɗi ba tare da ta rage komai na suturarta ba. Shigar da aka je dinar biki da ita a Kaduna ta isa, wani sa'in ma ta yi yawa.

Ba a tashi irin wannan yawo daga Kaduna, sai an yi jirgin sama zuwa wata tasha kamar Dubai ko Barcelona ko Miami, ko Durban a Afirka ta Kudu. Jidda ma ta shiga sahu: a watan Disamba na 2024 kamfanin Aroya na Saudiyya ya fara yawo da fasinja a Bahar Maliya, inda jallabiya da abaya ba baƙin kaya ba ne.

Matsalar shadda a teku ita ce guga. Kusan duk kamfanonin sun haramta shiga da dutsen guga saboda tsoron gobara, wadda ita ce babban abin fargaba a jirgin ruwa, kuma idan na'urar bincike ta gano shi a akwati za a riƙe har ranar sauka. Wasu jiragen suna da ɗakin wanki na fasinjoji mai dutsen guga, wasu kuma sai an ba ma'aikata an biya, ma'aikatan da wataƙila ba su taɓa riƙe babbar riga ba, balle su san inda kari yake bi. Dabarar ita ce a tafi da ita a shirye. Telolin Kasuwar Barci da ke Tudun Wadar Kaduna da masu bugu sun san yadda ake ninke riga ta fito murabba'i sumul, aikin wuyan yana sama. Haka za a sa ta a leda, a shimfiɗa a saman akwati, a bar ta a ninke har daren da za a sa. Karin ninki a jikin shadda ado ne a wurinmu, ba abin gogewa ba.

A daren ƙarshe ana umartar fasinjoji su fitar da manyan akwatunansu bakin ƙofar ɗaki kafin su kwanta, ma'aikata su kwashe cikin dare, sai a tashar sauka a sake haɗuwa da su. Saboda haka ake tunatar da kowa ya ware kayan da zai sa da safe, domin akan sami wanda ya tura komai, ya wayi gari daga shi sai kayan barci.